An Mayar da Hamdiyya Baya

Asaba, watan Fabrairu

Zuwa ga Kawu Magaji, bakin ruwa, Wara.

Assalamu alaikum. Kawu, ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya ruwa, yaya fasinjojin jirgi? A gaishe mini da Inna da Baba. Ni lafiyata ƙalau, sai dai zafin garin nan mai danshi, wanda mutum zai fito daga wanka yana gumi.

Na sha kiranka a waya, amma ka san yadda muke ƙarewa: ni ina ɗaga murya, kai kana cewa "na'am?" har katin ya ƙare. Ƙarar injin jirgi ta gama da kunnen nan naka. Shi ya sa da na haɗu da Hajiya Asibi a kasuwar Anacha, ta kawo banda daga Yawuri, na roƙe ta ta riƙa kai mana takarda. Ta ce muddin motar kifi na tafiya, wannan ba zai gagara ba.

Duk ranar da na ɗaura takalmin ƙwallo sai na tuna yashin bakin ruwa, inda kake kafa gora biyu ka ce in buga da hagu. Ina kuma tuna ranar da ka zauna gaban Baba ka ce tafiyata tana wuyanka. Ba don kai ba, da ko Kwantagora ban wuce ba, balle in buga wa babbar ƙungiya irin wannan.

Mun yi sabuwar koci, sunanta Ladi, 'yar Zuru ce, tana jin Hausa sosai. Ta zo da sauye-sauye da yawa. Ta mayar da ni baya, lamba tara kuma ta ba wata yarinya da aka ɗauko daga Fatakwal. Bayanin yana da tsawo, ga shi direban Hajiya sai danna hon yake yi. Sai a takarda ta gaba.

'Yarka,
Hamdiyya

*

Wara, watan Maris

Zuwa ga ɗiyata Hamdiyya.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode Allah da kina lafiya. Mu ma lafiya, ana ta azumi. Innarki ta yi ɗan zazzaɓi amma ta miƙe. Ruwa ya fara ja da baya, masu albasa sun cika jirgi, aiki sai godiya.

To, ba wanga ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Mi kike nufi da an mayar da ke baya? Na karanta layin nan har sau uku, ko idona ne. Ke da kika fi kowa zura ƙwallo a kakar bara, ke da aka faɗi sunanki a rediyo har masu shayi suka hana ni biyan kuɗin shayi, yau a tuɓe maki lamba tara a ba baƙuwa? Ni na buga lamba tara a Yawuri tun ba a haifi kocin taku ba, na san yadda ake yi. A zamaninmu, wanda ya yi teɓa ko ƙafarsa ta mutu shi ake turawa baya, ya tsaya yana dokan ƙwallo sama. Daga baya sai benci, daga benci sai gida.

Kuskuren da na yi shi ne, na karanta wa Innarki takardar a tsakar gida, kin kuwa san muryata ba ta iya yin ƙasa ba. Ashe babanki Malam Usman yana ɗaki yana ji. Ya fito ya ce mini, "Magaji, ka ce mini yarinyar nan gaba za ta yi. Ga shi da bakinta ta ce baya ta koma." Ya ce shi bai bar ɗiyarsa ta tafi uwa duniya don a wulaƙanta ta ba. In ta zo babbar Salla ta zo ke nan, ta shiga makarantar jinya kamar yadda ya so tun farko.

Saboda haka ki saurare ni. Ki sami wagga koci ki ce ta mayar maki da rigarki. In kin yi wani laifi ne, ki ba ta haƙuri. In kuwa ta ƙi, ki tattara kayanki da mutuncinki ki taho, tun kafin su kore ki. Ki amsa mini da motar farko.

Kawunki,
Magaji

*

Asaba, watan Afrilu

Zuwa ga Kawu Magaji.

Assalamu alaikum. Barka da Salla, Allah ya karɓi ibadarmu. Na ji Inna ta yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau.

Kawu, na karanta takardarka na yi dariya, daga baya na yi kuka. Laifina ne da na jefo maka magana guntuwa. Ba laifi na yi ba, kuma ba benci nake ba. Tun da aka mayar da ni lamba biyu, wato mai tsaron baya ta gefen dama, ba wasan da aka fara ba da ni ba. Bari in gaya maka yadda aka yi.

Koci Ladi ta kawo wasu ƙananan riguna da muke sawa a ciki, masu 'yar na'ura a tsakanin kafaɗu. Na'urar tana auna nisan da mutum ya yi a fili da irin saurinsa. Bayan wasanni kaɗan ta kira ni ta nuna mini nawa a kwamfuta. Ta ce yawancin 'yan wasa, in aka dawo hutun rabin lokaci, gudunsu raguwa yake yi. Nawa kuwa yadda ya fara haka yake ƙarewa. Ta ce ɓarna ce a ajiye mai irin wannan numfashi a gaba tana jiran a kawo mata ƙwallo.

Na yi mata gardama, don ni ma irin tunaninka nake da shi. Sai ta kira Christiana, abokiyar ɗakina, wadda ke tsaron baya ta tsakiya. Doguwa ce, ƙaƙƙarfa. Koci ta ajiye mini ƙwallo ta ce in riƙe, Christiana na bayana. Wallahi Kawu, da ƙugu kawai ta ture ni, sai ga ni a ƙasa. Koci ta ce a wannan mataki aikin lamba tara ke nan: ta juya baya ga irin Christiana guda biyu, ta sha kafaɗa da gwiwar hannu, ta yi tsalle da su, sannan ta fizga gudu gajere. Bara na ci ƙwallaye ne don ba su san ni ba. Bana sun san ni, kuma jikina bai kai nauyin wurin ba.

Kowane wuri da abin da yake ci a jikin mutum. 'Yan tsakiya su suka fi kowa cin ƙasa, sukan yi kilomita goma ko fiye, amma yawanci sassarfa ce da juye-juye, gwiwoyinsu ne ke shan wuya. Su Christiana ba su cika gudu ba, sai karo da sa kai. In ka ga haƙarƙarinta bayan wasa sai ka tausaya mata. Gola kuwa ƙugunta kullum a kumbure saboda faɗuwa. Mu na gefe, mu ke da gudun da ake yi iya ƙarfi. In ƙwallo na hannunmu, sai in sheƙa har kusurwar abokan hamayya in bugo ta ciki. In ta ƙwace, sai in juyo da gudu in tare wadda ta fi kowa sauri a cikinsu. Kafin in haɗiye yawu an sake. Haka har a tashi.

Makon farko amai na yi a gefen fili. Da azumi sai bayan shan ruwa nake atisayen gudu, koci ce ta tsara mini haka. Ga dogon wando da ɗankwalin wasa da nake sawa, zafi yakan yi mini yawa, amma ban taɓa cirewa ba, ka gaya wa Baba. Yanzu kuwa jikin ya karɓa. Kullum bayan atisaye sai mun shiga randar ƙanƙara don tsoka ta huce.

Gaskiya ce ba za ka ƙara jin sunana cikin masu ci ba. Amma tun da na koma can, ƙwallo ɗaya tak aka ci mu ta gefena. Don Allah ka karanta wa Baba wannan, da muryar nan taka.

'Yarka,
Hamdiyya

*

Wara, watan Mayu

Zuwa ga Hamdiyya.

Assalamu alaikum. Ina fatan wagga takarda ta same ki lafiya, ko da yake ban san ko lafiyar kike ba. Mu dai da sauƙi. Iska ta fara tashi a ruwa da yamma, ba na ɗaukar fasinja in hadari ya haɗu.

Na ce ki amsa da motar farko. Motoci sun je sun dawo, shiru. Hajiya Asibi ta kwanta ciwon ƙafa, ba ta yi tafiya ba sai kwanan nan, amma direbanta yana zuwa, kuma duk lokacin da na tare shi a Yawuri sai ya ce ba shi da saƙona. In maganata ce ta yi maki zafi, ai ni kawunki ne, ki rubuto ki ce ta yi zafi.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne labarin da Hajiya ta kawo shekaranjiya. Ta ce ta leƙa masaukinku ta iske ki zaune, an ɗaure maki ƙanƙara a cinya, kina ɗingishi, ga ki kin rame. Ta ce kin ce mata ba komai, kuma wai ai kin rubuto mini. Innarki tun da ta ji ba ta cin abincin kirki. Ta kira ki kin ce mata lafiya lau, amma ta ce ke ko wuƙa ce a wuyanki haka za ki ce. Malam Usman ya ce ba sai Salla ba, shi da kansa zai hau mota ya taho da ke. Da ƙyar na roƙe shi ya dakata in ƙara rubutawa sau ɗaya.

Ɗiyata, ni yanzu ba lamba ce ta dame ni ba. In sun karya ki ne suka jefar a baya, ki faɗa mini gaskiya. Ɗakinki yana nan, kuma ba wanda zai yi maki dariya a Wara ina raye.

Kawunki,
Magaji

*

Asaba, watan Mayu

Zuwa ga Kawu Magaji.

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da Baba. Don Allah ka fara zuwa wurin Inna ka ce ta ci abinci. Ƙafata lafiya lau.

Ashe doguwar takardata ba ta iso ba. Na ba direba hannu da hannu tun watan jiya. Yau muka tsare shi ni da Hajiya, ya bincika, sai ga ta a bayan kujerarsa, man kifi ya jiƙa gefenta. Ga ta nan na haɗa da wannan. Ka fara karanta waccan.

Abin da Hajiya ta gani gaskiya ne. Jijiyar bayan cinya ce ta ɗan ja, ciwon da ya fi kama masu gudu irin nawa. Wasa ɗaya na huta, na dawo. Ramar kuwa ba ta ciwo ba ce. Nauyina bai ragu ba, kitsen ne ya koma tsoka.

Na san takarda ba za ta gamsar da Baba ba, wataƙila kai ma haka. To, mun kai wasan ƙarshe na kofi. A Ilori za a buga, mako guda kafin babbar Salla. Ƙungiyar da za mu haɗu da ita tana da wata lamba goma sha ɗaya da ta fi kowa zura ƙwallo bana, kuma ta gefena za ta biyo. Kawu, ka zo ka gani da idonka. Talabijin ƙwallo yake bi, ba zai nuna maka aikina ba. Ka zauna a sama, ka bar ƙwallon, ka kalle ni kawai. In an tashi ka ce wannan ci baya ne, na yi alkawari a motar da ka zo zan bi ka gida, ba zan ƙara maganar ƙwallo ba. Ka roƙa mini Baba ya yarda da hukuncinka.

'Yarka,
Hamdiyya

*

Wara, watan Yuni

Zuwa ga ɗiyata Hamdiyya, lamba biyu.

Assalamu alaikum. Mun iso gida lafiya ni da Hajiya Asibi, sai dai gajiyar hanyar Jaba da har yanzu ba ta sake mini baya ba. Innarki lafiya, tana ci tana sha, tana gaishe ki. An yi ruwan sama, mutane sun fita shuka.

Kin ga a bakin shinge ban ce maki wata maganar kirki ba, sai kai da nake ta kaɗawa. Hayaniya ta yi yawa. Shi ya sa zan faɗa a nan.

Na bi maganarki, na hau can sama na bar ƙwallo. Da farko raina ya ɓaci, don na ga yarinyar nan tasu mai lamba goma sha ɗaya ta wuce ki sau ɗaya kamar kina tsaye. Na ce a raina shi ke nan. Amma kafin ta ɗaga kai ta buga, sai ga ki a kafaɗarta. Daga nan na fara ganin abin da kike faɗi. Ku kai hari, kina can kusurwarsu. Su ƙwace, kina nan gabanta. Ni da nake zaune sai da ƙirjina ya riƙa zafi. Hajiya Asibi ba ta san komai a ƙwallo ba, amma sai da ta taɓa ni ta ce mini a kunne, "Magaji, su biyu ne masu ɗankwalin nan ko ita kaɗai ce?"

Bayan hutu na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da na yi ina wasa. Yarinyar tasu ta fara riƙe ƙugu. Gudunta na farko yana nan, amma in ta yi ɗaya sai ta tsaya neman numfashi. Ke kuwa kamar lokacin aka sako ki. Da kuka buga kwana ƙwallo ta dawo masu, yarinyar ta kama hanyar raga ba kowa gabanta sai gola, 'yan kallo duka suka miƙe. Ke kina can ƙarshen fili. Na rantse na cire rai. Ban san yadda kika cim mata ba, na dai ga kin zame a ƙasa, ƙwallo ta fita waje, ita kuma ta durƙusa ta kasa tashi. Ba a jima ba aka canza ta.

Sai kuma ƙwallon da ta kawo kofin. Saura kaɗan a tashi, kowa ƙafa ta yi nauyi, na ga kin taso tun daga gidanku, kin wuce 'yar tsakiyarku ta waje, kina nuna mata gabanki da hannu. Da kika bugo ta, na san ta shiga tun tana sama, don ni ma na taɓa jiran irinta. Wagga yarinya ta Fatakwal, ki gaishe mini da ita. Na ga irin dukan da ta sha a tsakanin ƙattin nan biyu tun farkon wasa, leɓenta har jini, kuma ta tashi sama ta fi su ta sa kai. Rigar ta dace da ita. Kocinku ta fi ni gani.

Da aka kira ki aka ba ki kyautar wadda ta fi kowa taka leda, ban ji sanarwar ba, na dai ga mutanen da ke kusa da mu sun juyo suna miƙo mini hannu, don Hajiya ta riga ta gaya wa kowa ko ni wane ne. Kin zo bakin shinge kina ta gaya mini wata magana, kina kuka kina dariya, ni kuwa ina cewa to, to, madalla. Sai da muka kusa tasha Hajiya ta ce, "Wai kai ba ka ji abin da ta ce ba? An gayyace ta sansanin ƙungiyar ƙasa." A nan bakin titi na zauna a kan wani dutse, hulata a hannu, masu mashin suna ta kallona.

Yanzu ga maganar gida. Na iso na tarar labari ya riga ni, don samari sun kalla a gidan kallo na Yawuri. Malam Usman bai tambaye ni komai ba ranar. Kashegari bayan la'asar ina gyaran inji a bakin ruwa, sai ga shi, shi da rabonsa da zuwa wurin jirgina an daɗe. Ya tsaya ya ce, "To, mi ka gani?" Na ce ba zai faɗu da baki ba. Na zana masa fili a kan yashi da sanda, na nuna masa inda kike tsayawa, da inda kike zuwa, da inda kike dawowa. Ya tsuguna yana bin layin da yatsa. Ya tambaya ko sau ɗaya ake yin haka a wasa. Na ce masa ni dai na ƙirga har na gaji na bari.

Sannan ya tambaya yaushe za ku shiga sansanin, na ce masa ta bakin Hajiya, bayan Salla ne. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce ki zo Salla Innarki ta gan ki, kwana biyu sun isa, shi zai raka ki tasha.

Ya yi nisa, sai ya dawo ya sunkuyo daidai kunnena mai ɗan ji, ya ce, "Ka rubuta mata, in gudun haka yake, ta riƙa cin abinci da kyau."

Kwandon da Hajiya za ta ba ki tare da wagga takarda, giwan ruwa ne. Shi ya zaɓa da hannunsa, bai bari kowa ya taɓa ba.

Kawunki,
Magaji